Bulalar Mai Karo da Kunnen Ustaz

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa ana soya ta cikin yashi, kunya ce take riga kwaɗayi zuwa mini. Sana'ar kakata ke nan. Habboba muke ce mata, kamar yadda kowane yaro a Umbadda, unguwarmu a birnin Umdurman, yake kiran kakarsa da Larabci, amma in ka kuskura ka ci gaba da Larabci sai ta ce, "Wa ya haife ka? Yi mini magana da bakin gidanku." Kullum bayan magariba za ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko, ta zuba yashi, ta zuba gyaɗar da za ta kai tashar mota da safe. Lokacin lantarki bai iso layinmu ba. Mu jikoki sai mu jawo angarib, gadon nan na igiya, kusa da wuta, tana juya gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Wanda ya amsa tambayarta daidai ya samu gyaɗa mai zafi a tafin hannu, wanda ya yi gyangyaɗi ya samu ranƙwashi.

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini. Guda ɗaya ce ta ƙi fita, ita ce kuma wadda na fi so in manta.

Ina aji huɗu a lokacin. Malaminmu Ustaz Abdurrahim ne, dogo siriri, Balaraben arewacin ƙasar, ko "zo" bai sani ba da Hausa. Ranar da mahaifina ya kai ni makaranta, shekara biyu kafin rasuwarsa, ya damƙa hannuna cikin na Ustaz ya faɗi abin da iyaye suka saba faɗi: nama naka, ƙashi namu. To amma Ustaz ba mai duka ba ne. Iyakarsa rula biyu a tafin hannu. Kuma shi ne duk ranar da yara suka tsokane mu da "Fallata, Fallata", sunan da ake yi wa mu 'yan asalin yamma gori da shi, zai tsayar da darasi sai sun ba mu haƙuri. Wannan mutumin na yi wa abin da na yi.

Wata Laraba ban yi hadda ba, sai na tura jakata ƙarƙashin wata katanga na shiga gari. Wasan da muka fi so a lokacin shi ne maƙalewa a bayan karo, amalanken jaki mai ɗaukar gangar ruwa. Kana maƙale, sai wani ɗan baƙin ciki ya yi wa mai karo ihu cewa akwai mutum a baya, shi kuwa ba ya ko waiwayowa, sai dai ya wurgo bulala ta saman kafaɗa. Ranar bulalar ta same ni sosai. Ta naɗo daga wuyana har tsakiyar baya, ta tsaga fata.

Rashin sa'a, ina shiga gida na tarar da Yaya Usman. A Aljirif yake aikin bulo, bakin kogi, ba ya zuwa sai an kashe wutar gashin bulon. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba, shi yake biya mini komai na makaranta, kuma hannunsa kamar bulon da yake bugawa. Ya ga jini a wuyan rigata.

"Wa ya yi maka wannan, Sale?"

In na ce mai karo ne, tambaya ta biyu ita ce me ya kai ni bayan karo ana cikin darasi. Na san hannun Yaya. Bakina ya buɗe da kansa na ce, "Ustaz ne." Wallahi har da hawaye na ƙara, don ƙaryar ta zauna.

Yaya ya tashi ya wanke fuskarsa. Habboba ce ta jawo ni ta cire mini riga, ta ɗauko man riɗi tana shafawa. Can sai na ji yatsunta sun tsaya. Ta ciro wani abu daga bakin ciwon, ta kai shi kusa da idonta. Gashin jaki ne, gajere, toka-toka. Ta dube shi, ta dube ni, ta goge a zanenta, ta ci gaba da shafa mai.

Da magariba aka hura wuta kamar kullum. Yaya yana gefe a kan tabarma yana shan shayi. Ranar Habboba ba ta yi mana buɗewar da ta saba ba, ba ta jira mun ce ta zo mu ji ta ba. Ta dai zuba gyaɗa ta ce, "Ta yau ta hanya ce, ta lokacin da kakanninku suke zuwa Makka a ƙafa."

Wai wani ayari ne ya taso daga yamma, da mata da yara da jakuna. Suna da jagora, wani tsoho da ba ƙabilarsu ba, shi kaɗai ya san inda rijiyoyi suke, da taurari yake gane hanya. A cikin ayarin akwai wani yaro mai ƙiriniya. Wata rana an ya da zango, yaron ya samu ƙaya yana wasa da ita, ya huda salkar ruwan gidansu. Ruwa ya tsiyaye cikin rairayi. Da ubansa ya tambaya, yaron ya ce ya ga jagora yana sha a ɓoye. Mutane ga ƙishirwa ga gajiya, ba wanda ya tsaya bincike. Suka rufe tsohon da duka har idanunsa suka kumbura suka rufe. Dare ya yi, taurari suka fito, mai karanta su ba ya gani.

Nan ta dakata tana juya gyaɗa. Ni kuwa mai kaza a aljihu, na sunkuyar da kai.

"Tsohon nan ya ga yaron da ƙayar," in ji ta. "Amma bai faɗa ba. Da lalube da shinshinar iska ya kai su rijiya ta gaba, don akwai jarirai a ayarin. Da suka sha suka ƙoshi, ya zauna a bakin rijiyar ya ce, ni nan na tsaya. Suka roƙa, ya ƙi. Ayarin bai ga Makka ba."

Ƙanwata ta ce, "Yaron fa, Habboba?"

"Yaron yana nan. Tatsuniyar ba ta ƙare ba ai. Wa zai gaya mini abin da ya kamata ya yi tun kafin a ɗaga hannu?"

Ta ɗebo gyaɗa cike da hannu, ba ta miƙa wa kowa ba, ni take kallo. Yaya yana nan, taku uku tsakaninmu. Kalma huɗu ce kawai: ba Ustaz ba ne. Sai na kwantar da kai a kan angarib na rufe ido, na shiga numfashin mai barci. Ko ranƙwashin ba ta yi mini ba. Na ji ta mayar da gyaɗar cikin kasko, ta ce wa Yaya, "Usman, kada ka je makarantar nan sai ni da kai." Ya ce to. Ita ma a nan ta tsaya, ba ta ƙara ba.

Da safe tana fita tasha, Yaya ya kama hannuna. Muka iso ana layin safe, yara cike da fili. Ustaz ya gan mu ya taho da fara'a, har ya miƙo hannu. Yaya ya juya ni ya ɗaga rigata ya nuna masa bayana, kafin mutumin ya buɗe baki ya ɗauke shi da mari a kunnen hagu. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ustaz ya faɗi a kan gwiwa, tabarau ɗinsa ya yi gefe, jini ya biyo wuyansa ya sauka a farar jallabiyarsa. Makarantar ba katangar kirki, ba mai gadi, sai da malamai biyu suka riƙe Yaya. Daga inda yake durƙushe Ustaz ya ɗago ya dube ni. Ni kuma ƙasa nake kallo.

Yaya ya kwana biyu a hannun 'yan sanda. Dattawan unguwa suka je suka yi zaman sulhu, Ustaz ya ce ya yafe. Bai ƙarasa shekarar ba ya nemi a sauya masa makaranta. Wanda aka kawo a madadinsa ba ruwansa da wanda aka tsokana. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ya jiƙe. Habboba ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sau ɗaya kawai, bayan ta tsufa sosai, ta ce, "Na ji tsoron hannun Usman a kanka, na bar shi ya sauka a kan bawan Allah. Ni da kai muka huda salkar nan." Ta rasu ba ta ƙarasa mana tatsuniyar ba.

Na fi shekara ashirin ina ɗauke da abin. Na yi aure, na buɗe shagon ɗinki a Kasuwar Umdurman. Wata rana da hantsi wani tsoho ya kawo yadi a ɗinka masa jallabiya. Ina ɗaga tef zan auna kafaɗarsa na gane shi. Na ce, "Ustaz, ni ne Salihu, na Umbadda, aji huɗu."

Ya juyo da dukan jikinsa ya ba ni ɗaya gefen. "Ta nan za ka yi magana, ɗana. Wancan ya daɗe da daina aiki."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na sunkuya daidai kunnen dama na gaya masa komai, karo, bulala, ƙarya. Ya saurara har na gama.

"Na sani," ya ce. "Ni na kira suna ranar Larabar. Ba ka zo ba."

"To me ya hana ka faɗa, Ustaz?"

"Na ɗanɗana hannun yayanka. Kai shekararka goma. Mahaifinka nama ya ba ni, ya ce in bar masa ƙashi."

Na ɗinka masa jallabiyar, ya ƙi karɓa kyauta. Ya ce ya yafe tun a filin makaranta, na kuma yarda, amma yafiya ba ta mayar da kunne.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Habboba a kan ƙarya take. Yanzu tsohon nake tunawa, wanda ya ga ƙayar a hannun yaro ya yi shiru. Jikokina kan zo mini da ƙarar malamansu, wani lokaci da gaskiyarsu. Ina zuwa makarantar, amma ni nake zuwa, da sallama, kuma sai na ji ta bakin malamin. Rannan na ba su tatsuniyar ayarin, ƙaramar ta tambaye ni sunan yaron. Na ce mata sunansa Sale, kuma idonsa biyu, ba barci yake yi ba.