Geron Kurciyoyi da Ɓerayen Gidan Haya

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai cutar da wani. Amma abin ya hana ni sukuni.

A Gyadi-Gyadi na tashi, a hannun kakata, Iya. Kullum da safe takan zuba wa kurciyoyi gero, sadaka ga mamatanta. Ba ta watsawa a ƙasa. Faranti ta rataye da waya a reshen darbejiya, ta huda murfin tukunya ta zura a wayar, ɓera in ya biyo sai santsi ya kwashe shi. Tafi ɗaya take zubawa, kafin magariba ta share abin da ya zube, sauran geron yana cikin garwa mai murfi.

Bayan isha muke kewaye murhunta, mu jikoki, gyaɗa tana gasuwa a toka. Wata rana na ce, "Iya, rowa ce ta sa kike ba su tafi ɗaya?"

"Ji ja'irin miji! Ko cefane ba ka taɓa yi mini ba, ni ce marowaciya? Matso ka ji."

Ta ce an yi wata tsohuwa mai son lada, kwano-kwano take watsa dawa a tsakar gida. Tsuntsaye su ci su bar saura, da dare ɓeraye su gaje. Suka hayayyafa har suna gwaguyar dugadugan masu barci. Tsohuwa ta samo guba ta cuɗa da dawa, ta zuba a bakin raminsu, da niyyar kwashewa da asuba. Sai ta makara. Kurciyoyi suka sauko, ba su taɓa ganin sharri a hatsin gidan ba. Jikarta ta fito ta tarar da ɗaya tana bugun ƙasa, ta yi murna, ta fige ta gasa ta cinye.

"Sai me, Iya?"

"Sai aka haƙa ƙaramin kabari." Ta tura itace cikin wuta. "Ku tashi ku kwanta."

Yanzu ina gidan haya a Tarauni. Tun rasuwar Iya nake yin sadakar nan da sunanta, yadda ta koya mini. Amma bayan katangarmu kwata ce. Makon jiya ɓera ya ciji jaririyar maƙwabciyata, Maman Uche. Ta zo ƙofata da ita, yatsa a naɗe.

"Malam Sani, ba faɗa na zo ba. Dubi hannun yarinyar nan. Geronka ne yake kiransu. Babanta ya sayo maganin ɓera."

Nan take na tuna yaran gidanmu suna harbin kurciya da danƙo su gasa. Na roƙi mijinta ya dakata. Ya ce, "Sauke farantin, zan jira. Amma in suka sake taɓa ta, ba zan tambaye ka ba."

Na sauke. Na ɗana tarko, na toshe ramuka da siminti da fasasshiyar kwalba. Ɓeraye ba su ragu ba. Kurciyoyin kuwa har yau suna jeruwa a kan katanga da safe, ni kuma in shige ɗaki.

Da ina yaro na ɗauka laifin tsohuwar a gubar yake. Yanzu na ga tun daga kwanon dawar ya fara, ranar da ta yi alheri ba ta duba wanda zai kwana kusa da shi ba.

Don Allah, wanda ya san hanyar korar ɓera daga gidan da ke jikin kwata ba tare da guba ba, ya sanar da ni da wuri. Jaririyar a ƙasa take kwana, kuma haƙurin ubanta ya kusa ƙarewa.