Minti Biyar na Alhaji

Shekarar da Inna ta zo wurinmu ƙasar waje, a garin Silver Spring, babu abin da take so kamar tattakin hantsi. Wata rana ta sha kwanar da ba ita ba, gidajen nan kuwa duk kamarsu ɗaya, ta ɓata. 'Yan sandan wani ƙaramin gari da ke maƙwabtaka da mu suka tsince ta. Ba su wulaƙanta ta ba, har shayi suka ba ta. Amma tun hantsi har bayan la'asar tana kan benci, suna yi mata Turanci tana mayar musu da Hausa, an rasa wanda ya san yadda ake nemo tafinta. Daga ranar Inna ta daina fita. Ta koma zaman taga, ƙafafunta suka fara kumbura. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san inda irin wannan zama yake kai tsohuwa.

Ana nan sai na ga sanarwa a laburare: ofishin 'yan sandan nan yana neman takardar shaidar ingancin aiki. Wasu tsofaffin jami'ai za su zo daga wasu jihohi su binciki ƙa'idojinsa na rubuce, su kuma saurari mutanen gari. Duk abin da aka faɗa zai shiga rahoto. Kowa minti biyar.

Nan na tafka wauta. Maimakon in je da bakina, sai na tafi Landover na ɗauko Alhaji, dattijon jama'armu, don a wurinmu babba ake turawa gaba. Na rubuta masa komai a takarda.

Ranar taron, Alhaji ya miƙe da babbar rigarsa. Ya yi wa baƙi barka da zuwa. Ya tambaye su gajiyar hanya, da iyalin da suka baro. Ya yabi shugaban 'yan sandan, mutumin da bai taɓa gani ba sai ranar. Matar da ke riƙe da agogo ta ɗaga masa katin gargaɗin lokaci, shi kuma ya ɗaga mata hannu, wai gaisuwa ce. Ina zaune kamar in fashe. Yana cewa “to, game da 'yar matsalarmu”, ƙararrawa ta kaɗa.

“Baba, takardar fa?” na ce da ya zauna.

“'Yata, ba a kunyata mai gida a gaban baƙinsa. Ai sun gane.”

Sun gane me, don Allah? Na tashi na sa sunana. Ban gaida kowa ba. Na ba da labarin bencin. Ɗaya daga cikin baƙin ya juya ya tambayi shugaban: a ina aka rubuta abin da ɗan sanda zai yi in ya gamu da wanda ba ya jin Turanci? Shugaban ya yi ta buɗe fayil. Baƙon ya ɗauki biro.

Da muka koma, Alhaji bai tsaya wata-wata ba. Ƙarata ya kai wa Inna, wai na yi wa manya magana ba gaisuwa, Inna kuma ta wanke ni tas. Ita fa na je wa!

Bayan watanni 'yan sandan suka sami takardarsu, suka manna tambari a jikin motoci. Na ja tsaki, na ce ado ne. Duk da haka na lallaɓa Inna muka je ofishin in gani da idona. Wata 'yar sanda ta zaro kati daga aljihu, ta buga lamba, aka ɗan jira, sai ga muryar mace tana sallama da Hausa.

Inna ta karɓe wayar. “Sannu, yarinya. Ina wuni? Ina gajiya? Mutuniyar ina ce ke? Iyayenki suna lafiya?”

'Yar sandan ta dube ni. Na ce ta ƙyale ta, nan babu ƙararrawa.

Washegari da hantsi na fito daga ɗaki, na tarar babu takalman Inna a bakin ƙofa.