Gangar Baba Ishaya

Yau da safe Rifkatu, 'yar Baba Ishaya, ta kira ni. Baba ya rasu. Wai zuciya ce.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai dafa giya a ƙarƙashin gadar jirgi a Catford. A bas ya ji ina waya da Hausa, lokacin ba ni da aiki, ba ni da kowa a London. Ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, ka iya wanke ganga?" Na ce na iya, alhali ban taɓa ba.

Shi ya ba ni kwat ɗin da na yi sanyin farko da shi.

In Musulmi suka zo gaishe shi, a waje yake tarbarsu da zoɓo mai sanyi, ba ya bari su shiga inda giya take.

Mahaifiyarsa burkutu take dafawa a gida, shi ya sa har a nan ba ya sayar wa kowa sai ya ba shi ɗanɗano a ƙoƙo. Turawa suna dariya, suna kuma dawowa.

Akwai gangar katako guda ta giya da ya zuba wa jan inabi tun bara, ya ce ta bikin Rifkatu ce. Ganinmu na ƙarshe, ya zare ƙusar jikinta, ya tara ƙoƙo, ya miƙo min.

"To, malamin ɗanɗano, me ka ji?"

Na yamutsa fuska na ce, "Baba, wannan ai tsamiya ce. Ta lalace."

Ya yi dariya har da tari. "Kai dai harshenka na shayi ne. Tsami ya iso, inabi bai iso ba. In ka buɗe da wuri ɗanya ce, in ka makara ta zama binega, ruwan tsami zalla. Ranar da ta nuna zan kira ka ka ji bambancin."

Bai kira ba.

Rifkatu tana kuka ta ce min da Turanci ba za a yi cancel ɗin bikin ba, haka babanta zai so, kuma gangar tana hannuna tunda ni kaɗai ya koya wa.

Me ya koya min? Bai gama ba!

Ɗazu na je na zare ƙusar. Akwai tsami, akwai ƙamshin katako, akwai wani abu can baya kamar inabi. Na sake kurɓa. Wallahi ban sani ba. Na juya zan tambaye shi, sai kujerarsa.

Tsoro nake ji, jama'a. Wannan ce kyautar ƙarshe da uba ya bar wa 'yarsa, kar ta lalace a hannuna.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba, ya ta'azantar da Rifkatu. Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni ciki, don yanzu ni zan ce a buɗe ko a bari.