Tuwon Jar Dawa

Ba na son yaro mai zaɓen abinci, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. 'Ya'yana abin da na dafa suka ci. Wanda ya ture kwano, yunwa ke dawo da shi.

Shekarar da aka gudo daga Mubi, matar ƙanina ta sauka gidana a Shagari Low Cost da 'yarta ƙarama, ba su da komai sai kayan jikinsu. Na ce ba za a ce sun wulaƙanta a hannuna ba. Na dafa shinkafa da miya, na soya kifin tafkin Njuwa, na yi taliya, har indomi da ƙwai. Yarinyar nan ta kalli kowanne ta kau da kai. Ruwa kawai take sha, sai ɗan shayi.

Da farko faɗa na yi. "Ke, nan ba otal ba ne! Buɗe baki!" Ta ƙanƙame zanen uwarta. Da kwanaki suka ja, faɗan ya koma tsoro. Wuyanta ya zama siriri, ta daina wasa, maƙwabciyata mai aikin asibiti ta fara zancen ƙarin ruwa. Yarinya ta tsira daga bindiga, ta zo ta lalace a gidana? Me zan gaya wa ubanta?

Ni kuwa shinkafa ba ta riƙe ni. Nakan tuƙa ɗan tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, in ci a kicin ni kaɗai, don ba abin da ake kai wa baƙo ba ne. Wata la'asar na dawo daga ajinmu na karatun manya, littafi a hammata, na ji motsi a kicin. Na ɗauka kyanwa ce, har na cire takalmi zan jefe ta. Sai ga mutuniyar zaune a ƙasa, ragowar tuwona mai sanyi tsakanin ƙafafunta, miya har gwiwar hannu.

Ta ɗago ta ce, "Goggo, akwai saura?"

Na zauna kan turmi ina dariya, hawaye na zuba. Na ƙwala wa uwar kira.

"Dama kin san abin da take ci ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi kakarta ke ba ta tun yaye, Adda."

"Shi ne kika yi shiru kamar an ɗinke miki baki?"

"Adda, kin ba mu ɗaki, kin ba mu sutura. Sai kuma in ce ki sake tukunya?"

"Kunyarki ta kusa kai mu asibiti! Ni ina ɓoye tuwo, ke kina ɓoye magana. Tashi ki hura wuta."

Yarinyar ta ci malmala guda da zafinta, ta yi gyatsa, barci ya kwashe ta a tabarma tun kafin magariba.

Da gari ya waye na auni jar dawa cikin babbar roba, na ɗora a ka, na kama hannunta muka tafi inji.