Sajan Ilu da Gwangwanin Hotunansa

Ku da kuka zauna da mu a unguwar Old Airport, can ƙasar Larabawa, kun san Sajan Ilu ba ya duba hoto yadda aka miƙa masa. Sai ya juya shi inuwa ta fuskanto shi. Wai haka ake yi a rundunarsu ta leƙen asiri ta sama, inda ya shekara ashirin yana karanta hotunan da jirgi ya ɗauko. In ba haka ba, tudu sai ya koma rami a idonka. Na nuna masa hoton amaryata, ya juya min ita kai ƙasa, ya ce, "Da hantsi aka ɗauka. Kuma gajera ce." Na ji haushi wallahi, don gajerar ce.

Gadi yake a wani gida a unguwar Al Gharrafa. Wata rana kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki, ya tambaye shi ko motar ruwa ta zo.

"Na ga wani abu mai kama da ita."

"Ga ta a gabanka!"

"A wurinmu sai an gani sau biyu ake kai rahoto."

Sai da ya zagaya motar nan tsaf ya dawo ya ƙame. "Ta zo."

Ranar da aka nuno jirgi marar matuƙi a talabijin, na ce, "Sajan, khalas, shi ke nan, an sallame ku." Ko kallona bai yi ba. "Jirgin da ba ya jin tsoro, me zai gani?"

Abin da ke cin ransa gwangwanin biskit ne cike da tsofaffin hotunan rundunar. Babu rubutu a bayansu, shi kaɗai ya rage da ya san ko ina ne. Kowace Juma'a bayan shinkafa sai ya ce, "Bala, zauna in koya maka, idona na tafiya." Ni kuwa in ce kafil na jira, alhali ya san ba na tuƙi ranar Juma'a.

Da ya gaji da ni, ya aika wa rundunarsu da gwangwanin can gida. Amsarsu ta iso sati biyu bayan mun binne shi, ni na buɗe. Sun gode ƙwarai, za su rataye hotunan a ɗakin tarihin runduna. Suna roƙon Sajan, ko wani da ya koya wa, ya faɗa musu wuraren.

Har yau kunyar wasiƙar nan nake ji, ban amsa ba. Allah Ya jiƙan Sajan Ilu, Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe min.