Ɗakin Yaya da Layin Ƙarshe

Shekarar da 'yan furoje, wato ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, suka cika Diffa, kowa mai katanga ya zama mai gidan haya. Ni ma, uban 'yan wayo, ban yarda a bar ni baya ba.

Matsala ɗaya ce, yayata. Tun rasuwar mijinta take zaune a gidanmu na gado, kuma Baba yana kwance ciwon ajali ya riƙe hannuna ya ce kada in bari ta bar ɗakinta. Na ce to. Amma 'yan furoje gida duka suke so, shekara uku, ɗakinta kuma nan za su ajiye janareto. Na lallashe ta, na kama mata ɗakin ƙasa can bakin kogin Komadugu, kusa da gonakin tattasai. Har cewa na yi iskar can ta fi daɗi. Kai, ni ma dai!

Takardar haya shafi tara ce, da Faransanci. Na sa hannu ina murmushi kamar na karanta.

Wata na biyar kogi ya cika ya batse, ya yanke hanyoyin ƙauyukan da suke aiki. Shugaban biro, wato ofishinsu, ya kira ni, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe na takardar. Wai in ambaliya ko hari ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum ya auku, alkawari ya warware, ba laifin kowa. Madalla! Ashe har ƙaddara an tanadar mata wuri a takarda. Suka kwashe janaretonsu suka miƙo mini makulli.

Ruwan nan kuwa shi ya narkar da ɗakin ƙasar da na kama wa Yaya. Na same ta a farfajiyar lakkol, makarantar boko, ƙarƙashin tanti, tana shanya tabarma. Na ce, "Yaya, tashi mu koma gida, ɗakinki yana nan." Don rashin kunya har na zauna ina ba ta labarin layin ƙarshe, ina neman ta taya ni jin haushi.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Su dai ruwa ne ya tashe su, ƙanena. Kai fa, ranar da ka tashe ni, wane ruwa aka yi?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ba ta biyo ni ba, gidan ɗiyarta ta tafi. Ɗakin yana nan a rufe, har yau warin gazuwal, man janareto, yake yi.