Ranar da na karɓi makullin shagon Baba

Shekara arba'in Baba yana gyaran fanka da injin jan ruwa a unguwar Runjin Sambo, ban taɓa ganin ya kama kwandansa ba sai ya fara gitta sukundireba a kan ƙafafunta biyu. Tas! Ta amayar da wutar da ta ɓoye, sannan ya sa hannu. Kwandansa ita ce 'yar gwangwanin nan da ke ba fanka ƙarfin tashi. Ina yaro ya farke mini guda: falle biyu na ƙarfe marar kauri, da takarda mai maiƙo a tsakani, an nannaɗe su kamar tabarma.

"Aikin ba ga ƙarhe yake ba," ya ce, "ga takardag ga yake. In mai kyau ta, wuta ta hi zama. In zahin garin ga ya busar da ita, jehwar."

Bara mantuwa ta kama shi. Yayata ta ce in karɓe makullin shagon tun wuta ba ta kashe shi ba. Na hau ta da faɗa. Haba, mutumin da ko idonsa rufe zai kwance fanka? Na ce ko kansa ya manta, hannunsa bai manta ba. Na ɗauki hutu, na je na zauna kan benci ina gadinsa.

Kwana na uku wani mai gidan burodi ya kawo inji. Baba ya jona, injin ya yi gurnani bai tashi ba, ya zare soket. Ga sukundireba nan ajiye gefensa. Ya miƙa hannu tsirara zai kama kwandansar injin.

Ina kallo. Wallahi ina kallo, ban yi magana ba. So nake in ga ya tuna.

Wutar ta fizge shi, gwiwar hannunsa ta daki teburi. Ya daɗe yana duban yatsunsa, sannan ya dube ni.

"Mi ya cije ni?"

Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba. Ban ji komai ba. Na ba mai burodi haƙuri, na ja ƙofa na kulle, na tare mana keke-napep.

A hanya ya tambaya ko na rufe shago. Na ce na rufe, Baba. Ya buɗe tafinsa yana jiran makulli. Na juyar da kai ina kallon titi, hannunsa na nan a buɗe har muka iso gida.